Amsa ga mai son cika gonar gado da mangwaro

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka: ka gaji gona wajen hekta ɗaya, gindinta ya taɓa fadama, gero da wake sun daina riƙe gida, kana tunanin ko ka cika ta da mangwaro gaba ɗaya ko ka zuba tumatir da rani. Shekarata 11 ina wannan fama a ƙasar Ɗanbatta, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Kada ka sayi dashe ko guda sai ka leƙa rijiyarka a watan Afrilu. Ruwan da ka gani a ciki lokacin, shi zai faɗa maka bishiya nawa za ka iya riƙewa. Shekarar farko na dasa mangwaro 60 a can tudu, a ƙarshen Agusta, damina na shirin ɗaukewa. Da bazara ta kama ni da yarona muke jidar ruwa a jarka tun asuba, mu ba rabi, sauran sai gobe. Aka saki dabbobi bayan kaka, awaki suka bi su suna cinye toho. Waɗanda suka tsira kuma gara ta shiga ta ƙasa, saboda ɗanyen taki na zuba a ramin. Za ka ga dashe a tsaye da ganyensa, ka ɗan ja shi ya biyo hannunka, babu saiwa. Guda 14 suka rage, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Abin da ya gyara mini lissafi shi ne na daina raba lambu da bishiya. Na koma gindin gonar, na ja fangali na alayyahu da salak da albasa, sannan na dasa mangwaro da gwaiba da lemon tsami a gefen hanyar ruwan. Ruwan da injin ya tura wa ganye shi bishiyar take sha, takin da na zuba wa albasa ita ma tana lasa, mai gadin lambu kuma yana gadinta. Man fetur ɗaya, aiki biyu. Guda 20 kawai na sa a wannan karon, a watan Yuli da damina ta zauna, kowane na kewaye shi da ƙayar magarya, ramin na cika da ruɓaɓɓen taki da toka.

Ka nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a jikin dashen ƙwallo, yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ka jira shida ko fiye. Ka ba su mita 10 tsakani ko da filin ya yi maka kamar asara, don cikinsa za ka ci gaba da wake da gyaɗa da kayan miya har inuwa ta haɗe. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ka cire shi, in ba haka ba shi zai rinjaya, ka wayi gari da mangwaron gida. Furen farko ma ni karkaɗe shi nake yi don jikin bishiyar ya yi ƙwari. Gwanda kuwa ba ta cika shekara take fara ba ka kuɗi, ita za ta riƙe ka kafin manyan su taso.

Maganar tumatir, ka yi shi amma kada ka jingina da shi kaɗai. Wanda ya ga 2016 bai manta tsutsar nan da muke kira sharon ba, gona tana kore shar, cikin 'yan kwanaki ta koma kamar an babbaka. Ko babu cuta, lokacin da na Kadawa da Kura ya nuna, kwanduna suka cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kuɗin kwando wani sa'in ba ya biyan tsinka da mota, sai dai a yanka a shanya kauɗa. Alayyahu sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Salak da kabeji suna tafiya da azumi. Albasa tana jure ajiya in ta sami iska. Zogale na jera shi jikin shinge, matan da ke sayar da kwaɗo har gona suke biyo ni da buhu, ban taɓa kai shi kasuwar Yankaba ta Kano ba.

Tudun kuma ka bar wa geronka, gida ba ya zama babu hatsi a rumbu. Sai dai in ka zo sassabe kada ka ƙone kututturen sabara da kalgo. Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane, ka sare sauran, ka ɗaure musu tsumma don masu itace su san da mai su. Wannan shi ne sassaben zamani da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya yi aiki a kansa tare da manoma, har aka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da dashe ba. Saiwar tana nan a ƙasa tun kakanni, ba ta neman ban ruwa.

In kana da gawo, ka riƙe shi hannu biyu. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da tumaki ke rububi. Akwai guda ɗaya da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hana a sare. Geron gindinsa ya fi na ko'ina kauri, zangarniyar ma daban take. Bishiyar turare dai kada ka kusantar da ita lambu, tana shanye ruwa.

Ka faɗa mana gaba nawa rijiyarka take kafin a taɓa ruwa da bazara, kuma ko ana sakin dabbobi a garinku bayan girbi. Da wannan zan iya ce maka ka fara da dashe 10 ko 20. Shingen kuwa tun yanzu ka fara tara ƙaya. Allah ya sa albarka.