Fitilar inji ta kama, mota na shaƙewa a Hawan Kibo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar akori-kura mai amfani da fetur, ƙirar 2002, shigowar Amurka. Ina ɗaukar dankalin turawa daga Jos zuwa Abuja. Fitilar inji ta kama, kuma idan na zo Hawan Kibo, dogon hawan nan na hanyar Jos, a dawowa sai motar ta riƙa fizga, ko na take totur ba ta amsawa. Bakanike ya cire kan batir, fitilar ta mutu, daga baya ta dawo. Yanzu ya ce in sayi sabon famfon mai. In saya? Daga wani direba a Bukuru.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata tukuna. Cire kan batir ba gyara ba ne, goge bayanin da kwamfutar motar ta ajiye kawai yake yi, kuma wannan bayanin shi muke nema. Tun daga 1996, duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka nemi mai na'urar karanta mota ya jona, ka rubuta lambar da ta fito da hannunka. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa a inji, P0300 kuma wuta ce ke tsallake silinda. Amma lamba alama ce kawai. P0171 na iya fitowa saboda tiyon iska ya tsage ko sensar iska ta yi ƙura, alhali famfo lafiya lau.

Yadda ka ce a hawa take shaƙewa, zargina ya fi karkata ga filtar mai. A hawa inji ya fi buƙatar fetur, toshasshiyar filta kuwa ba ta barin isasshe ya wuce. Idan kana yawan shan mai a jarka wajen 'yan bumburutu, datti da ruwa sun riga sun taru a tanki. Fara canza filta, ita ce mai araha. In ba a ga sauƙi ba, a sa ma'auni a gwada ƙarfin da famfon ke turo mai, a kwatanta da adadin da kamfani ya ƙayyade wa motarka. Sai ya gaza sannan ka nufi Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota a Jos, kuma a wanke tanki kafin a ɗaura sabo, in ba haka ba shi ma zai bi sahun na farko. Ka daina barin mai yana ƙarewa ƙarƙaf, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki.

Ka kuma sani Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, don haka ɗan raguwar ƙarfi ba laifi ba ne. Fizga kam cuta ce. Idan fitilar ta fara ƙiftawa, ka sauka gefen hanya ka kashe inji, domin ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya fi na famfo.