Yadda Za Ka Shigo Da Jari Ka Kuma Fitar Da Ribarsa

Tambaya: Ina sana'a a Jidda, kuma ina so in turo dala gida in sayi hannun jari a Najeriya. Idan na samu riba, doka za ta bar ni in fitar da ita?

Amsa: Za ta bar ka, malam, matuƙar kuɗin sun shigo ta bankin da Babban Bankin Najeriya ya ba izinin hada-hadar kuɗin waje. Dokar musayar kuɗin waje ta 1995 ta wajabta wa bankin ya ba ka takardar shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI, cikin awa 24, kuma ita ce hujjar da za ka nuna ranar da kake son a canza ribarka ko uwar kuɗinka zuwa dala a fitar da su, bayan an cire haraji. Wanda ya aiko ta hannun ɗan canji ko wani ɗan'uwa, ko da farashin ya fi masa daɗi, ba zai samu wannan takarda ba.

Idan kuwa tsabar kuɗi za ka riƙo, duk abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa jami'an kwastam, domin ɓoyewa tana iya jawo a ƙwace su.