Zaman iyaye mata na unguwa: in je ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Nima a Accra, ɗana ya shiga wata na bakwai. Nas ɗin wurin awo ta ce nauyinsa ya tsaya, wai in riƙa zuwa zaman iyaye mata da ake yi a unguwa. Uwar mijina ta ce shirme ne, ita da koko ta raini 'ya'yanta duka. Ga shi ina sana'ar abinci, lokaci ya yi mini kaɗan. In je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki je, 'yar'uwa, kuma in da hali ki roƙi Inna, uwar mijinki, ta raka ki.

Nas tana ganin yaronki sau ɗaya a wata, na 'yan mintoci, ga layi a bayanki. Abin da ke shiga bakinsa kuwa a tsakar gida ake yanke shi, sau da yawa ma kina bakin tukunyar sana'a, yana hannun kakarsa. Shi ya sa hukumar lafiya ta Ghana da UNICEF suke ƙarfafa irin wannan zama, inda uwa ke koya wa uwa, a dama kunu a gaban kowa, a ɗanɗana. Ni a aikina na lura duk zaman da aka bar kakanni a waje, abin da aka koya a ƙofar gida yake tsayawa.

Inna ba ta yi ƙarya ba, koko ya raini mutane da yawa. Matsalar tana wurin tsinkewarsa. Cikin yaro ɗan wata shida zuwa takwas bai wuce ƙaramin kofi ba, in kika cika shi da koko mai ruwa-ruwa, ya ƙoshi amma bai ci komai ba. A wannan watan kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa, nono shi kaɗai ba ya cike gurbin. A nan Accra, a asibitin yara na Princess Marie Louise, likita Cicely Williams ta bayyana ciwon kwashiorkor, wato tamowa mai kumbura jiki, a 1933, a jikin yaran da ake ciyarwa da abincin masara zalla.

Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗebi kunun a cokali ki karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ya kamata ya tsaya, ya sauko a hankali. Ki ƙara masa garin gyaɗa ko na wake, ko ki daka busassun ƙananan kifin nan na kasuwar Nima ki zuba cokali guda, da ɗigon manja. Ƙwai dafaffe, ganyen kontomire (wato ganyen gwaza) ko ayoyo da aka murƙushe, gwanda, ayaba, duk ya isa ci. Garin Weanimix da nas-nas ke koyarwa masara ce da wake da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare, kina iya haɗa naki a injin unguwa. Tunda abinci kike sayarwa, waken ma yana tukunyarki: ki cire nasa kafin yaji ya shiga.

Yanzu ki ba shi sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata tara sau 3 zuwa 4, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci. Nono ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Zuma kuwa a dakata sai ya cika shekara.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan kashi 18 cikin 100 na yaran Ghana 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma yawanci a tsakanin wata shida da shekara biyu abin ke kama su.

Batun lokaci, ki gaya wa matan zaman sa'ar da kike sauke tukunya. Yawancinsu 'yan kasuwa ne irinki, ana daidaitawa. Amma in kin ga ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi nono, ko gudawa ta ƙi tsayawa, kada ki jira ranar zama ko ranar awo, ki kai shi asibiti a ranar, da littafin awonsa a hannu.