An kwaso ni daga Sudan zuwa Ingila: shin ina da haƙƙin samun tallafin muhalli?

Tambaya: Ina da fasfon Birtaniya, amma na shekara tara a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke aka kwaso ni da matata, 'yar Sudan, da yaranmu biyu. Muna raɓe a gidan ɗan'uwana, shi kuma ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe mu ba. Wani ya ce sai na daɗe a ƙasar kafin hukuma ta saurare ni. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu da wannan jarrabawa, Malam. Abin da aka faɗa maka haka yake ga yawancin masu dawowa: ko ɗan ƙasa ne, sai ya nuna cewa ya dawo da zama na dindindin, abin da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. To amma kai wannan sharaɗi bai hau kanka ba. A watan Mayun 2023 aka gyara dokar Ingila, aka ɗauke shi ga duk wanda ke zaune a Sudan kafin 15 ga Afrilun 2023 kuma ya fito saboda faɗan da ya ɓarke ranar. Haka aka yi wa waɗanda suka baro Afganistan a 2021 da Yukren a 2022. Sassaucin ya shafi Universal Credit ma, wato tallafin kuɗi da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, wanda a cikinsa akwai kuɗin haya.

Inda nake so ka natsu shi ne nan: cancanta daban, samun makullin gida daban. Ka je sashen marasa muhalli na ƙaramar hukuma tun yau, kada ka jira sai kaya sun fito waje. Dokar gidaje ta 1996 ta sa masu ƙananan yara cikin waɗanda ake fifitawa, don haka idan ba ku da wurin kwana wajibi ne a ba ku masauki na wucin gadi yayin da ake bincike. Sau da yawa otal ne ko ɗaki ɗaya, wani lokacin ma nesa da unguwar da kuka sani. Daga nan hukuma na da kwana 56 na taimaka maka neman mazauni, kuma gidan haya na 'yan kasuwa yana iya zama amsarta. Gidan hukuma kuwa layi ne mai tsawo, na shekaru a manyan birane.

Ka riƙe fasfo, da shaidar zamanka a Sudan, da wasiƙar ɗan'uwanka mai ɗauke da ranar da yake so ku tashi. Wannan wasiƙa tana da nauyi ƙwarai.

Batun maiɗakinka shi ne mai ɗan sarƙaƙiya. A duba takardar izinin zamanta, domin idan an rubuta cewa ba ta da damar cin kuɗin tallafin gwamnati, to da sunanka za a shigar da buƙatar, kuma ku ga lauyan shige da fice kafin ta sa hannu a kowace takarda.

Idan aka ƙi ka, ka nemi hukuncin a rubuce. Kana da kwana 21 na neman a sake dubawa.