Tambaya da Amsa: Wa ke da ikon cewa wane ɗan asalin Amurka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mutanen nan da ake kira "jajayen Indiyawa", daga Indiya suka je Amurka? Kuma abokina ya ce gwajin jini kawai mutum zai yi a asibiti a karɓe shi cikinsu. Gaskiya ne?
Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Babu abin da ya haɗa su da Indiya. Kolumbus, wani Bature mai binciken ƙasashe ta jirgin ruwa, shi ne ya sauka a tsibiran Bahamas a 1492, ya zaci Indiya ya iso, sunan ya bi su har yau. Su kuwa kowace al'umma da sunanta: Nabaho, Ceroki, Maya, Aimara, Inuit. Kalmar "jajaye" kuma don Allah ka bar ta, cin fuska ce a wurinsu.

Abokinka bai faɗi daidai ba. A ƙasar Amurka akwai ƙabilu sama da 570 da gwamnati ta amince da su, kowacce da hukumarta, kuma ita ke yanke wanda yake nata. Nabaho suna neman rubu'in jini, amma daga takardun iyaye da kakanni ake lissafa shi. Ceroki na Oklahoma kuwa, abin da suke so shi ne ka nuna sunan kakanka a rajistar Dawes, jerin sunayen 'yan ƙabilar da gwamnatin Amurka ta rubuta wajajen 1900.

Abin da ya fi ci mini rai yana Kanada. Dokar da gwamnati ta kafa a 1876 ta ce macen da ta auri wanda ba ɗan asali ba ta fita daga cikin mutanenta, ita da 'ya'yanta. Namiji kuwa in ya auro Baturiya, ita ce za a rubuta 'yar asali. Sandra Lovelace, 'yar ƙabilar Malisit, ta auri wanda ba ɗan asali ba, aurenta ya mutu, ta dawo Tobique, garin da aka yanke mata cibiya, tana jin yaren, danginta na nan, amma aka ce ba ta da haƙƙin samun gida. Ka duba wannan zalunci: takardar baƙo ta raba mutum da mahaifarsa. Ta kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi nasara a 1981, aka gyara dokar a 1985. A 2005 aka naɗa ta sanata a majalisar dattawan Kanada.