Amsa: Ɗana yana rubuta do'nt maimakon don't

'Yar'uwa, wannan do'nt da kika ce ɗanki mai shekara 6 yana rubutawa ba abin tayar da hankali ba ne. Shi a ganinsa waƙafin saman nan yana zama ne a mahaɗar kalmomi biyu, alhali mazauninsa gurbin harafin da aka cire.

Ki yanko 'yar takarda mai tsayi, ki rubuta do not da manyan baƙaƙe. Sai ki ba shi ya naɗe ta da hannunsa har o ɗin not ya ɓuya, sannan ya ɗiga alamar daidai kan naɗin. Ya maimaita da is not da I am. In ya kama, ki kawo we will, ya ga wani lokaci haruffa biyu ke tafiya, alamar kuma ɗaya ce tal. Won't kam haddace ta zai yi, don ba ta bin ƙa'idar.

Ki kuma lura, yaron da ya saba karanta sa'a da jama'a yakan so ya tsaya cak a kan alamar. A Turanci ba a furta ta.

Batun mallaka, irin the girl's bag, ki jinkirta shi tukuna. Ko a manhajar Ingila ta 2014, 'yan aji 1 karanta kalmomin da aka gajarta irin don't kawai ake nema daga gare su, sai a aji 2 suke rubuta su. It's da its kuwa har manya suna tuntuɓe a kansu. Yaron ya warware kalmar zuwa it is. In jimlar ta zauna daidai, ya sa alamar.