Filin Turanci: Tsakanin “absent” da “absence”

TAMBAYA: Malam, ina aji biyar a sakandare. Na rubuta wasiƙar neman uzuri na ce “I was absence yesterday”, sai malaminmu ya ja mini jan biro. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

AMSA: ’Yata, malaminki bai zalunce ki ba. “Absent” siffa ce, da ita ake bayyana mutumin da ba ya nan, don haka “I was absent from school” za ki rubuta. Ki riƙe “from” ɗin nan, ita ce abokiyar tafiyarta. “Absence” kuwa suna ne, wato rashin zuwan kansa, kamar a ce “forgive my absence”. Dukansu daga Latin suka fito, inda “ab” ke nufin nesa da, “esse” kuma kasancewa.

Na daɗe ina kiran rajista da safe, yara na amsa “firazan sa”, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce “absan sa” a madadin abokinsa. A nan ma’anar take: wanda aka sa ran gani, sunansa na cikin littafi, amma kujerarsa wayam. Mu fashi muke cewa. Shi ya sa hukumar WAEC ke rubuta ABS a gaban darasin da ɗalibi bai zauna ba.

Kada ki haɗa “absent” da “missing”, wadda ke nufin ɓacewa. Wani yaro ya taɓa ce mini ƙanensa “is missing”, hankalina ya tashi, har ina shirin aikawa gidansu, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ɗakin uwarsa. Fassara ma tana da nata tarkon: in kika mai da “absence” rashi kai tsaye, Bahaushe zai fara yi miki gaisuwar mutuwa.

Akwai sauran wuraren da za ki ci karo da ita. Sojan da ya bar bariki babu izini, AWOL ake ce masa, harafin farko “absent” ne. Kotu kan yanke hukunci “in absentia”, a bayan idon wanda ake tuhuma ke nan. Wadda na fi so ita ce “absent-minded”, mutumin da yana zaune a gabanki amma hankalinsa ba ya jikinsa, irin mai neman tabarau alhali yana bisa hancinsa. Maiɗakina ta ce don ni aka ƙirƙiro ta.